Yadda za ka fitar da DNA daga bakinka har ka gan shi da ido

Na daɗe da daina fara darasin sinadaran jikin mai rai da zane a allo. Idan ka zana wa ɗalibi ƙwayar halitta, ka ja kibiya nan ka rubuta furotin, ka ja wata can ka rubuta kitse, zai kwafa tsaf, ya haddace, da an fito daga jarrabawa kuma ya zubar da abinsa a bakin ƙofa. Yanzu ranar farko ƙaramin kofi nake miƙa wa kowa da ruwan gishiri a ciki, in ce ya kurkure baki ya tofa. Za ka ga ana ta yatsina fuska. Bayan rabin awa kuwa kowa ya ɗaga kwalbarsa sama yana leƙen wani farin zare da ke tasowa a ciki, wato DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, kuma daga nan ba sai na roƙi kowa ya saurare ni ba.

Aikin ba shi da wuya, a gida ma ana yin sa. Sharaɗina ɗaya ne: kada ka zuba komai a kwalbar nan sai ka san me yake zuwa yi. Gishirin, sabulun, sanyin, alkohol ɗin, kowannensu akwai abin da yake yi wa wani sinadari na cikin ƙwayar, kuma wanda ya gane wannan ya riga ya ci rabin darasin zangon farko.

Kayan da za ka tanada

Ruwa mai tsabta, gishiri, sabulun ruwa na wanke kwanuka, ƙaramin kofi, siririyar kwalba mai murfi wadda ake ganin cikinta sarai, tsinke ko siririn sandan gilashi, da sirinji marar allura don awo. Sai alkohol, wanda shi ne ya fi ba mutane matsala. Ana son mai ƙarfi: etanol mai kashi 95 cikin 100, ko aisofurofanol mai kashi 90 zuwa sama. Mai kashi 70 da ake goge fata da shi kafin allura ya yi rauni, domin da ya haɗu da ruwan da ke kwalbar sai ya ƙara tsinkewa. Man tsabtace hannu mai kauri kuwa kada ma ka gwada. Na taɓa gwadawa wata rana da kayanmu suka ƙare, abin da na samu wani farin dambu ne na sinadarin da ke sa shi kauri, ya dunƙule da ya gamu da gishiri, har wani ɗalibi ya fara murna wai nasa DNA ɗin ya fi na kowa yawa.

Ka saka alkohol ɗin a firiza tun awa biyu ko uku kafin ka fara. Ba zai daskare ba, etanol sai sanyi ya wuce digiri 114 ƙasa da sifili yake ƙanƙara. Ka tuna yana kama wuta nan take, kuma aisofurofanol da sifirit ɗin da aka gauraya da metanol guba ne, ko kusa da baki kada su je. Idan da yara a wurin, babba ne zai riƙe wannan kwalbar.

Ruwan gishiri kala biyu za ka haɗa. Na kurkure baki: ƙaramin cokali ɗaya a shafe cikin rabin lita na ruwa, wanda zai ba ka kusan kashi 1 cikin 100, dab da gishirin ruwan jikin mutum da yake kashi 0.9. Na biyu mai ƙarfi: cokali ɗaya cikin mililita 100. Sabulun kuma ka tsinka shi, awo ɗaya na sabulu da awo uku na ruwa, ka juya a hankali kada ya yi kumfa.

Tattara ƙwayoyin

Kada ka yi wannan aikin da ka gama cin abinci ko ka gama goge baki. Na farko zai cika maka kwalba da tarkace, na biyu kuma ya riga ya share ƙwayoyin da kake nema. Ka bari awa ɗaya ta wuce.

Ɗebi mililita 10 na ruwan gishiri marar ƙarfi ka guntsa, ka yi ta kurkurawa da ƙarfi minti ɗaya cur, kana ɗan gurza cikin kumatunka da haƙora, ba cizo ba. Minti ɗaya da ruwan gishiri a baki yana da tsawo fiye da yadda kake zato, ka duba agogo. Yawancin waɗanda aikinsu ya ƙi, a nan suka yi ha'inci, suka tofar bayan daƙiƙa goma. Ka tofa a kofi. Ruwan ya kamata ya fito da ɗan duhu-duhu kamar an ɗiga madara, wannan gurɓacewar ita ce ƙwayoyinka.

Cikin kunci a shimfiɗe yake da ƙwayoyi masu faɗi, falle-falle, waɗanda kullum na sama suna saɓulewa sababbi na maye gurbinsu. Faɗin kowace ya kai maikiromita 50 zuwa 60, wato sai ka jera kusan ashirin kafin su cika milimita ɗaya. In kana da madubin ganin ƙananan halittu, ka ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, ka sa masa shuɗin launin nan metilin, ka duba tukuna kafin ka fasa su. Za ka ga wasu abubuwa kamar yagaggun ganye masu haske, kowanne da ɗigon shuɗi mai duhu a tsakiya. Ɗigon nan shi ne cibiyar ƙwayar, nukiliyas, kuma abin da muke nema yana ƙunshe a ciki. Ƙananan ɗige-ɗigen da ke manne a jikinsu kuwa bakteriya ne. Kowa yana da su, kada ka tsorata.

Wata ɗaliba ta taɓa tambayata, "Malam, me ya sa ba za mu yi da jini ba, tunda shi ake ɗiba a asibiti?" Tambaya ce mai kyau. Jajayen ƙwayoyin jinin mutum, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, suna yar da cibiyarsu kafin su balaga, saboda haka babu DNA na cibiya a cikinsu. Idan aka ɗebi jini don gwajin DNA, fararen ƙwayoyin ake nufi. Mu kuwa baki ya ishe mu, babu allura babu ciwo.

Sabulu da katangar kitse

Zuba mililita 5 na abin da ka tofa a siririyar kwalbar, ka ƙara mililita 1 na sabulun da ka tsinka, ka rufe. Yanzu ka riƙa kifa kwalbar kana miƙar da ita a hankali, sau biyar ko shida, kamar mai gudun tada wanda ke barci a ciki. Kada ka girgiza. Ka ajiye minti biyar.

Kowace ƙwaya tana naɗe da tantani wanda kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma da wani irin kitse aka gina shi, fosfolifid. Wannan kitsen hali biyu gare shi: yana da kai mai son ruwa, da jela biyu masu gudun ruwa. Idan ka zuba irinsu da yawa cikin ruwa, da kansu suke jeruwa sahu biyu, kawuna a waje suna fuskantar ruwa ta kowane ɓangare, jeloli a ɓoye a tsakiya. Babu wani manne da ya riƙe su, ƙin ruwan da jelolin suke yi ne kawai ya haɗa su. A 1925 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka tatso kitsen jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka ga filin da ya rufe ya kai kusan ninki biyu na fatar ƙwayoyin, daga nan suka ce lalle sahu biyu ne.

Shi ma sabulu haka yake, kai mai son ruwa da jela mai son maiƙo, sai dai jelarsa ɗaya ce. Yana cusa jelar tsakanin kitsen tantanin, ya ɓamɓare su, ya naɗe su ƙulli-ƙulli ya tafi da su cikin ruwa. Abin da yake yi wa maiƙon kwano ke nan, bai san bambancin kwano da ƙwayar bakinka ba. Cibiyar ma tantani ne ya kewaye ta, har hawa biyu, ita ma haka za ta watse. Idan ka lura da kyau za ka ga ruwan ya ɗan washe, ya kuma fara yauƙi.

Dalilin hana girgizawa biyu ne. Kumfa za ta hana ka ganin komai daga baya. Sannan DNA zare ne mai tsananin tsawo da siranta: idan aka warware na cikin ƙwaya ɗaya, dukkan ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, aka haɗa baki da baki, ya kai kusan mita 2, kaurinsa kuwa nanomita 2 kacal. Girgiza kaɗan ta isa ta tsittsinka shi, kuma guntaye ba sa naɗuwa a tsinke. Akwai shekarar da wani yaro mai ƙarfin hannu ya kaɗa tasa kwalbar kamar mai haɗa magani, ta koma farar kumfa tun daga ƙasa har murfi. Sai da ya sake kurkure baki daga farko, 'yan ajin suna ƙirga masa daƙiƙa sittin da babbar murya.

A ɗakin gwaji, a daidai wannan gaɓar muke ɗiga wani enzayim (sinadari mai hanzarta aiki a jikin mai rai) mai narkar da furotin, furotines K, mu ɗumama kwalbar a ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 56 na minti goma. Amfaninsa shi ne DNA ba a sake yake cikin cibiya ba, a naɗe yake jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a kwarkwaro: histon takwas suna dunƙulewa, zaren ya zagaye su kusan sau biyu da tsawon haruffa 147 (haruffa su ne tubalan da aka gina DNA da su), ya wuce zuwa dunƙule na gaba. Da haka mita 2 take shiga cikin ɗigon da ka gani a madubi. In ba ka da wannan enzayim ɗin ka wuce abinka, za ka ga zaren, sai dai zai fito da furotin manne a jikinsa.

Gishiri, sannan alkohol

Ƙara mililita 1 na ruwan gishiri mai ƙarfi, ka sake kifawa sau biyu. Ciro alkohol daga firiza sai lokacin da za ka zuba, ba kafin nan ba. Karkata kwalbar sosai, ka tsiyaya shi ta jikin bango sannu-sannu, yadda zai gangara ya kwanta a saman ruwan ba tare da sun gauraya ba. Idan aisofurofanol ne, ka zuba daidai yawan ruwan da ke ciki. Idan etanol ne, ninki biyu. Zai zauna a sama domin ya fi ruwa sauƙi, mililita ɗaya nasa giram 0.79 ne. Miƙar da kwalbar, ka ajiye a tebur, ka janye hannunka. Minti biyar, wani lokaci goma.

Nan ne wurin da nake so ka tsugunna idonka ya yi daidai da layin da ya raba ruwan biyu. Da fari ba komai sai wani hazo siriri. Can sai ƙananan kumfa su fara fitowa a layin, iskar da ke narke a ruwan ce take fita. Sannan ka ga wasu fararen zaruruwa kamar saƙar gizo-gizo da ta jiƙe suna miƙewa sama, kumfar na maƙale a jikinsu tana ɗaga su, suna haɗuwa suna zama curi kamar audugar da ta faɗa ruwa. Baƙar takarda a bayan kwalbar tana taimakawa ƙwarai. Na ga wannan ya fi sau ɗari, har yau sai na tsugunna.

Ga abin da ya faru. Siffar DNA kamar tsani ce da aka murɗe. Matakan tsanin su ne haruffan nan huɗu, A, T, G da C, inda A kullum take kama T, G kuma take kama C. Sandunan gefe biyu kuwa sukari ne da fosfet, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane fosfet yana ɗauke da cajin nagatif. Shi ruwa, kowace ƙwayar sinadarinsa gefe ɗaya nagatif ne kaɗan, ɗaya gefen fozitif kaɗan, saboda haka yana rufar wa fosfet ɗin ya kewaye shi. Shi ya sa DNA yake narkewa a ruwa ba a ganinsa. Ƙari a kan haka, zaruruwan duk cajinsu ɗaya, suna ture juna, ba za su taɓa haɗuwa ba.

Gishiri idan ya narke yana rabuwa gida biyu, sodiyam mai cajin fozitif da kulorayid mai nagatif. Sodiyam ɗin yana son ya manne wa fosfet, amma muddin cikin ruwa suke ba zai samu yadda yake so ba, domin ruwa yana rage ƙarfin jan da ke tsakanin caji biyu kusan sau 80. Etanol kusan sau 25 kawai yake ragewa. To da alkohol ya shigo, sodiyam sai ya samu dama ya kama fosfet gam, cajin ya mutu, zaruruwan su daina ture juna, su rungumi juna su fito daga ruwan. Wanda ya manta gishiri zai zuba alkohol ya yi ta jira. Sanyin kuma yana taimakawa wajen rage kuzarin wasu enzayim masu yanka DNA, waɗanda suka fito tare da shi lokacin da ƙwayar ta fashe, yana kuma sa layin da ke tsakanin ruwan biyu ya daɗe bai ɓaci ba.

Sa tsinke a hankali har cikin curin, ka murza shi ta gefe ɗaya tsakanin yatsu biyu. Zaren zai naɗu, ya fito kamar majina, ba abin sha'awa ba ne a ido. Amma wannan murzawar tana da tarihi. A 1944, a Cibiyar Rockefeller da ke Amurka, Oswald Avery da abokan aikinsa Colin MacLeod da Maclyn McCarty sun fasa bakteriyar ciwon huhu, suka cire furotin, suka zuba etanol, suka naɗo zare irin wannan a sandan juyawa, sannan suka nuna cewa shi ne yake ɗauke da gadon halitta daga wani nau'in bakteriyar zuwa wani. A lokacin masana da yawa furotin suke zato, domin shi yana da tubali iri 20, DNA kuwa huɗu kawai, ana ganin ya yi sauƙi da yawa. Shekara tara bayan nan, a 1953, Watson da Crick suka bayyana siffar murɗaɗɗen tsanin, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin gwajin Rosalind Franklin.

Wanda ya fara ganin abin tun asali kuwa wani matashin likita ne ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Miescher, a 1869 a garin Tubingen na Jamus. Shi ba ruwan baki ya samu ba. Tsofaffin bandeji yake karɓowa daga asibitin tiyata ya wanke mugunyar da ke jiki don ya samu fararen ƙwayoyin jini, ya cire kitse da alkohol mai ɗumi, ya narkar da furotin da enzayim ɗin tumbin alade. Abin da ya rage yana da fosforas da yawa, bai yi kama da furotin ɗin da aka sani ba, ya sa masa suna nukilin. Duk ɗalibin da ya yi mini ƙorafin ƙyamar miyau, labarin bandejin nan nake ba shi.

Me ka fitar a gaskiya

Ba na son a ruɗi ɗalibi a nan. Zare ɗaya na DNA ba ya ganuwa da ido, ko da madubin makaranta. Ƙwaya ɗaya kusan fikogiram 6 take ɗauke da shi, wato sai ka tara ƙwayoyi miliyan ɗaya kafin ka samu maikirogiram 6, kashi shida kacal cikin miliyan na giram. Abin da ke kan tsinkenka tarin zaruruwa ne masu ɗimbin yawa da suka cukurkuɗe, kuma ba su kaɗai ba ne. Akwai RNA, wani sinadari ɗan'uwan DNA, wanda shi ma fosfet gare shi kuma alkohol yana fitar da shi. Akwai ragowar histon. Akwai miyusin, furotin mai ɗauke da sarƙoƙin sukari wanda ke sa miyau yauƙi. Akwai kuma DNA na bakteriyar bakinka. Wato manyan dangogin sinadaran mai rai duk sun ratsa ta kwalbar nan: kitsen da sabulu ya kwashe, furotin, sukari, da su DNA da RNA. A ɗakin gwaji muna auna tsabtarsa da na'urar haske, mu kwatanta yadda yake shan haske mai tsawon zango nanomita 260 da mai 280. Idan rabon ya kai wajen 1.8 muna cewa ya tsarkaka. Na gida ba ya kusantar haka, kuma ba laifi ba ne.

Hanya mafi kyau ta tabbatar wa kanka cewa ba siddabaru ba ne ita ce ka jera kwalabe huɗu. Ta farko ka yi komai daidai. Ta biyu ka sa ruwan gishirin da bai shiga bakin kowa ba, bai kamata ka ga zare ba, in ka gani to sabulunka ko alkohol ɗinka ne ke dunƙulewa. Ta uku ka tsallake sabulu, za ka ga ɗan hazo na miyau amma zaren kaɗan ne ko babu. Ta huɗu ka kurkure da ruwa zalla kuma kada ka ƙara gishiri. Ka kurkure sau ɗaya mai yawa ka raba wa ta farko da ta uku, don kada bambancin ya zama na kurkurawa ne. Sannan ka ɗauki ɗan zaren daga kwalba ta farko ka jefa a ruwa zalla, ka dawo bayan awa ɗaya ko biyu. Zai ɓace, ya koma narkakke. Ka sa gishiri ka sake tsiyaya alkohol, sau da yawa zai sake fitowa, ko da bai kai na farko ba.

Idan ka yi komai ba ka ga komai ba, ka fara zargin kurkurawar, sannan ƙarfin alkohol, sannan sabulun. Sabulu idan ya yi yawa yana sa ruwan ya yi duhu har ya ɓoye zaren, mutane kuma hannunsu yana da nauyi wajen zuba shi. Wani lokaci zaren yana nan, siriri ne kawai. Kifa kwalbar sau ɗaya a hankali yadda ruwan biyu za su ɗan haɗu, ka duba a gaban baƙar takarda da tocila ta gefe.

In kana son ajiyewa, ka saka curin a ƙaramar kwalba mai etanol, ka rufe sosai ka sa a wuri mai sanyi, zai yi watanni. Sauran ruwan kuwa miyau ne, kowa ya zubar da nasa da kansa. Ka jiƙa kofi da tsinke a ruwan bilic na minti goma kafin wankewa, amma ka zubar da alkohol ɗin daban tukuna da ruwa mai yawa, domin bilic da alkohol idan suka haɗu suna fitar da sinadarai masu cutarwa. Ka buɗe taga, ka wanke hannu.